Zaɓen Ƙaramar Jita: Darasi daga Molo da Kuntigi a Ƙasar Bagudo

Gabatarwa

Ƙasar Bagudo, wadda take kudu maso yammacin Jihar Kebbi, ƙasa ce ta bakin iyaka. Ta nan Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, kusa da Lolo da Illo, kuma daga Tsamiya mutum yakan ƙetara zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa sun daɗe suna cuɗanya a wannan yanki, kasuwa ɗaya, mashaya ɗaya. Daga cikin abubuwan da yawancinsu suka yi tarayya a kai akwai kayan kiɗa masu tsirkiya, irin su molo da goge. A bayan nan kuma jita ta shigo ta tarar da su, wani lokaci sabuwa daga kanti, wani lokaci cikin kayan gwanjo da ke haurowa daga Kwatano ta hanyar Parakou da Kandi da Malanville.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda mai sha'awar koyon jita zai zaɓi wadda ta dace da shi. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, ma'aunin kayan kiɗa jikin makaɗi ne da wurin da zai yi kiɗan. Magabatanmu sun san da haka, domin su da kansu suke sassaƙa kayansu. Jita kuwa a masana'anta ake ƙera ta, wanda ya ƙera ta bai taɓa ganin wanda zai kaɗa ta ba. Saboda haka nauyin awon ya koma kan mai saye. Idan ya yi sake ya ɗauko wadda ta fi ƙarfinsa, kafaɗa ta yi tsami, yatsu su yi ƙuna, kafin wata uku ya rataye ta a bango yana cewa ba shi da baiwa, alhali kuwa kayan ne ba su yi daidai da shi ba.

Girma da ƙanƙanta a kayan kiɗan gargajiya

Idan aka dubi kayan kiɗan Hausa masu tsirkiya, kamar yadda David Ames da Anthony King suka tsara su a ƙamusunsu na kiɗan Hausa wanda aka buga a 1971, za a ga kusan kowane babba yana da ƙaraminsa. Goge yana da kukuma. Garaya, wadda aka sani da mafarauta da 'yan bori, tana da babbar 'yar'uwa da ake kira komo. Molo cikinsa na itace ne, dogo siriri kamar ƙaramin kwale-kwale, an rufe shi da fata, yawanci da tsirkiya uku. Gurmi cikinsa rabin ƙoƙo ne. Mafi ƙanƙanta duka shi ne kuntigi, mai tsirkiya ɗaya tak, wanda akan yi cikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata.

Da wannan kuntigi ne Alhaji Ɗan Maraya Jos (1946 zuwa 2015) ya yi suna a Nijeriya da wajenta. Haruna Uji da gurmi aka san shi, haka ma Malam Mamman Barka na Jamhuriyar Nijar, wanda ya rasu a 2018, da gurmi ya fara shahara kafin ya koma ga biram na mutanen Tafkin Cadi. A ƙasar Zabarma, maƙwabciyar Dandi, masu ba da tarihin jarumai irin su Jado Seku da Jeliba Baje da molo suke raka zancensu, su daɗe suna magana molo na biye da su. Hausawa na cewa ƙaramin goro ya fi babban dutse, kuma waɗannan makaɗa sun gaskata karin maganar.

Dalilin da ya sa waɗannan kaya suka kasance ƙanana a fili yake. Na farko, makaɗi matafiyi ne, yau yana wannan kasuwa, gobe yana gidan biki a wani gari, tilas kayansa su shiga ƙarƙashin hammata. Na biyu, a waƙar Hausa magana ce sarauniya, kiɗa ɗan rakiya ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, hawa da saukar murya suna bambanta ma'anar kalma. Duk abin kiɗan da ya danne muryar mawaƙi ya ɓata waƙar, komai daɗin amonsa.

Yadda jita ta yi girma

Jita ma ba ta fara da girman da ake gani yanzu ba. A ƙarni na 19 jitocin da ake kaɗawa a gidajen Turai da Amurka ƙanana ne, har aka laƙaba musu sunan ɗakin baƙi, kalmar nan ta Turanci da Hausa ta ara ta mai da ita falo. A Sifen, wani maƙeri mai suna Antonio de Torres (1817 zuwa 1892) shi ya daidaita siffar jitar da ake kaɗawa da yatsu, wadda tsawon tsirkiyarta ya tsaya a wajen milimita 650. A Amurka kuwa, kamfanin Martin ya fara ƙera wata jita mai ƙaton ciki a 1916, ya fitar da ita da sunansa a 1931. An sa mata sunan Dreadnought, wani babban jirgin yaƙin Ingila na 1906. Abin da ake nema da ita shi ne ƙara, domin a lokacin mai jita yana gasa da wasu kayan kiɗa a dandali ba tare da taimakon lasifika ba.

Wannan siffa ta karɓu ƙwarai, masana'antu a ƙasashe da yawa suka yi ta kwaikwayonta, har ta zama idan an ce jita ita ce ke fara zuwa a zuciyar mutane. Faɗin cikinta a ƙasa ya kai santimita 40, zurfinsa ya ɗara santimita 12. Ƙaramar jita irin wadda Martin ke yi wa lamba 0 faɗinta santimita 34 ne ko kusa da haka, kuma ba ta kai waccan zurfi ba. A takarda bambancin ba shi da yawa. A jiki kuwa, shi ne bambancin da ke tsakanin hannun da ya sauka a sake da wanda aka ɗaga kafaɗarsa sama tsawon sa'a guda.

Abubuwa huɗu da za a auna

Abu na farko shi ne ciki. Mai saye ya zauna yadda ya saba zama, a kan tabarma ko benci ko kujera 'yar tsugunno, ya ɗora ƙugun jitar a cinyarsa ta dama, ya ɗora hannunsa a kanta. Idan kafaɗar dama ta tashi ta fi ta hagu, ko kuma gefen jitar yana cin damtsensa, to ta yi masa girma. Wannan gwaji ya fi muhimmanci ga mai zama a ƙasa, domin ƙaton ciki yakan tura jitar sama har kusa da haɓa.

Abu na biyu shi ne tsawon tsirkiya, wato daga inda ta tashi a kan wuya zuwa jakin da ta hau a kan ciki. Duk mai molo ya san cewa idan ya danna tsirkiya a kan wuya ya gajarta ta, muryarta takan hau. Ƙa'idar ɗaya ce a jita: gajeriyar tsirkiya ba ta bukatar ɗauri mai tsanani kafin ta kai muryar da ake so. Babbar jita tsawon tsirkiyarta milimita 645 zuwa 650 ne. Akwai masu 630, akwai kuma ƙanana masu wajen 580. Idan aka sa wa mai 580 irin tsirkiyar da aka sa wa mai 650, aka kuma kai su murya ɗaya, ɗaurin ƙaramar zai ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar. Ban da wannan, ƙarafan da aka gitta a wuyan, waɗanda suka raba shi gaɓa-gaɓa kamar rake, sun fi matsowa kusa da juna, yatsu ba sa miƙewa da yawa.

Abu na uku shi ne faɗin wuya da irin tsirkiya. Jita mai tsirkiyar ƙarfe wuyanta siriri ne, wajen milimita 43 a sama, amma tsirkiyoyinta shida a haɗe suna jan itacen da nauyin da ya kai kilo 70. Mai tsirkiyar nailan, wadda ta maye gurbin ta hanjin dabba a ƙarshen shekarun 1940, ɗaurinta wajen kilo 40 ne, ta fi taushi ga yatsun sabon shiga, sai dai wuyanta ya fi faɗi, wajen milimita 52. Mai gajerun yatsu ya gwada duka biyu kafin ya yanke shawara. A nan akwai kashedi guda: kada a kuskura a ɗaura tsirkiyar ƙarfe a jitar da aka yi domin nailan, don kuwa za ta lanƙwasa wuyan ko ta ɓamɓare jakin.

Abu na huɗu shi ne tazarar da ke tsakanin tsirkiya da wuya, kuma shi ne ya fi korar masu koyo. A duba daidai ƙarfe na 12, wanda shi ne tsakiyar tsirkiya. A jita mai tsirkiyar ƙarfe tazarar kada ta wuce milimita biyu zuwa biyu da rabi, wato kaurin tsinken ashana da ɗan ɗoriya. A mai nailan takan kai uku zuwa huɗu. Idan har tsinken ashana biyu a ɗore sun shige ƙarƙashin tsirkiyar ƙarfe, to dannawa za ta zama azaba.

Abin da ake samu da abin da ake rasawa

Ba a cewa ƙaramar jita ba ta da kasawa. Iskar da ke cikin akwatin jita ita ke ƙarfafa sautuka masu kauri, kamar yadda babbar ganga ta fi kalangu zurfin murya. Idan ciki ya ƙanƙance, kaurin amo yakan ragu, ƙara ma haka. Wanda zai yi kiɗa a fili, cikin taron biki tare da ganguna, ba lasifika, babbar jita ta fi yi masa amfani. Amma wanda zai raka waƙa a zaure ko a tsakar gida, ƙaramar ta fi, domin sautukan da ta rage su ne waɗanda suke karo da muryar namiji. Bugu da ƙari, ƙaramin falanki ya fi saurin amsawa idan an taɓa shi a hankali da babban yatsa da manuni, wato irin kaɗin da hannun mai molo ya saba.

Misalin da ya fi kusa da mutanen Dandi shi ne na Ali Farka Toure (1939 zuwa 2006), mutumin Niyafunke ta ƙasar Mali, a bakin wannan Kogin Kwara ɗin. Ya fara ne da ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya, sannan ya ɗauke salon ya mai da shi kan jita, yana waƙa da harshen Songai, ɗan'uwan Dandanci da Zabarmanci, da kuma Fulatanci. Abin da ya sa duniya ta saurare shi shi ne ya sa jita ta yi maganar gida. Yaron Illo ko Ka'oje da ya tashi yana jin molo yana da irin wannan jari a kunnensa, abin da yake bukata kawai jitar da ba za ta yi kokawa da hannunsa ba.

Yanayin ƙasa da kayan gwanjo

Akwai kuma batun yanayi. Masu ƙera jita suna son danshin iska ya tsaya tsakanin kashi 45 da 55 cikin ɗari. A ƙasar Kebbi kuwa, lokacin hunturu iska takan bushe ƙasa da haka nesa ba kusa ba, da damina kuma ta jiƙe, musamman a bakin kogi. Mai molo idan fatarsa ta saki da damina sai ya gasa ta a rana ko gefen wuta ta koma daidai. Itacen jita ba ya karɓar wannan magani. Da hunturu yakan tsuke har fuskar ta tsage, da damina ya kumbura tsirkiya ta yi nisa da wuya. Jitar da aka yi fuskarta da falankin itace guda ta fi zaƙin murya, amma ta fi saurin tsagewa. Wadda aka yi da siraran falankai da aka manna da juna ta fi juriya, ta kuma fi araha, saboda haka ita ta fi dacewa da mai koyo a wannan yanki. Da hunturu a riƙa ajiye ta cikin jakarta tare da ɗan soso mai laima a ƙoƙon sabulu mai huji, ba tare da ruwa ya taɓa itacen ba. Kada a bar ta a rana ko cikin mota a rufe, domin zafi yana sassauta gam ɗin da ya riƙe ta. Idan za a yi doguwar tafiya a babur ko jirgin ruwa, a ɗan sassauta tsirkiyoyin.

Wanda zai sayi ta gwanjo ya tuna cewa gani ya kori ji. Ya ɗaga ta ya hango wuyan daga sama zuwa ƙasa kamar yadda kafinta ke hangen katako, ya tabbata bai murɗe ba. Ya gwada zura takarda ƙarƙashin jakin. Idan ta shiga, jakin ya fara ɗagowa. Ya murɗa kunnuwan ɗauri guda shida ɗaya bayan ɗaya ya ji ko suna riƙewa. Ya ƙwanƙwasa fuskar a hankali da yatsa. Idan ya ji kakkarwa, wani itacen tokari ya saki a ciki. Daga ƙarshe ya kaɗa kowace tsirkiya a sake, sannan ya danna ta a gaɓa ta 12: dole muryar ta zama ita ce dai, sai dai ta sama. Idan ta kauce, jitar ba za ta taɓa yin daidai ba sai an kai ta wurin mai gyara, mai gyaran jita kuwa ba a kowane gari ake samunsa ba.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a fahimci cewa girman jita ba shi ne darajarta ba, ƙanƙantarta kuma ba ta mai da ita kayan wasan yara ba. Iyaye da malaman makaranta da ke saya wa yara, da manya masu son koyo, su ɗauki ɗabi'ar masassaƙin molo, wanda yakan dubi hannun makaɗi kafin ya sa gizago. Mai saye ya nemi izinin mai kanti ya zauna da jitar minti goma sha biyar, yana kaɗawa yana rera abin da ya saba rerawa. Idan ya tashi kafaɗarsa ba ta yi tsami ba, kuma na kusa da shi sun ji kowace kalma da ya furta, to ya sami tasa, sai ciniki.