Dalar 1804 da Ba a Buga a 1804 Ba

Littafin lissafi na gidan buga kuɗin Amurka da ke Filadelfiya ya nuna cewa a shekarar 1804 an buga dalar azurfa guda 19,570. Da wannan yawa, kamata ya yi a riƙa tsintar dala mai ɗauke da 1804 a ƙasan tsohuwar adaka. Amma sai da aka yi kusan shekara arba'in babu mai tara tsofaffin kuɗi da ya sa ta a ido. Da ta fara ɓullowa ma, ɗai-ɗai ta riƙa fitowa. A 1843 wani attajiri mai suna Matthew Stickney ya je har gidan buga kuɗin, ya ba da wani tsohon kuɗin zinariya da ba a cika samun irinsa ba, aka ba shi guda ɗaya. Daga nan sunanta ya tashi, kowa yana nema.

To, ina sauran dubban suka shiga? Inda babu amsa, baki ba ya rasa abin faɗa. Wasu suka ce jirgin ruwa ne ya nutse da su a hanyar Sin. Wasu suka ce an kwashe su an kai Arewacin Afirka lokacin rigimar Amurka da Tarabulus. Labaran suna da daɗin ji, sai dai babu wanda ya zo da shaida.

Amsar tana jikin kuɗin, amma sai wanda ya san yadda ake buga shi zai karanta ta. A wancan zamani ana sa faifan azurfa tsakanin hatimi biyu na baƙin ƙarfe, ɗaya na fuska ɗaya na baya, a matse da ƙarfi har zanen ya hau. Shi kuwa hatimin da hannu ake yin sa. Bayan an danna hoton kan mace a tsakiya, maƙeri zai ɗauki ɗan ƙarfe mai siffar tauraro ya buga taurari ɗaya bayan ɗaya, haka haruffa, haka alƙaluman shekara. Hannun mutum ba ya sauka wuri ɗaya sau biyu. A wannan hatimi tauraro ya kusa taɓa gashin matar, a wancan ya ɗan ja baya; nan wani harafi ya karkace, can ya miƙe. Duk kuɗin da hatimi ɗaya ya haifa suna ɗauke da waɗannan alamomi, kamar yadda ake gane 'yan gida ɗaya ta tsagar fuska. Idan kuma hatimin ya fara tsagewa, tsagar tana fitowa a jikin kuɗin kamar siririn zare, tana ƙara tsawo yayin da ake ci gaba da bugu. Mai gilashin ƙara girma da haƙuri zai iya jera kuɗi goma ya ce wannan ya riga wancan fitowa.

Wannan sana'a ta duba hatimi tana da malamanta. Wani dillalin Filadelfiya, John Haseltine, ya jera ire-iren hatiman tsofaffin dalolin Amurka a 1881, M. H. Bolender kuma ya sake aikin a 1950, har masu tara kuɗi suka koma kiran kowace dala da lambar da ya ba ta. A riƙe sunan Haseltine, zai sake fitowa.

Abu na farko da wannan ilimi ya warware shi ne batun 19,570. Ƙarfen hatimi yana da tsada, aikinsa yana cin lokaci, saboda haka ba a jefar da shi don kawai shekara ta juya. Ana ta bugu da shi har ya fashe. Dalolin da aka lissafa a 1804 an buga su ne da hatiman da suka rage, masu ɗauke da 1803 ko kafin nan. Magatakarda ya rubuta shekarar da aka yi aikin, bai rubuta shekarar da ke jikin kuɗin ba. Wannan ba zai zama baƙon abu ga wanda ya san liyari ba, wato dalar Maria Theresa da ta yi yawo a kasuwannin ƙasar Hausa da Borno: 1780 ne a jikinta, ko da an buga ta bayan shekara ɗari. Bayan 1804 kuwa Amurka ta dakatar da buga dalar azurfa gaba ɗaya, domin 'yan kasuwa suna kwashe ta zuwa ƙasashen waje, ba a dawo da ita ba sai 1836.

Abu na biyu ya fi nauyi. Da aka ajiye dalar 1804 kusa da ta 1802 ko 1803 da aka san asalinta, sai aka ga ba aikin zamani ɗaya ba ne. Tsofaffin suna da dogayen haƙora a kewayen bakinsu, ita kuwa ƙananan ɗigo ne a jere kamar tsakiya, da ɗan tudu a gefe, salon da gidan bai fara ba sai wajen ƙarshen shekarun 1820. Rubutun da ke zagaye da kaurin gefenta a murƙushe yake, alamar an buga ta a cikin zoben ƙarfe mai matse faifan, kuma a 1804 babu wannan zobe a gidan. Har ɗan murɗin gashi da ke saman kan matar ya gutsure, saboda ƙarfen da aka danna hoton da shi ya riga ya tsufa ya karye a wurin. Alƙaluman suna cewa 1804, ƙirar tana cewa wajen shekara talatin bayan haka.

Wasu masana biyu, Eric Newman, lauya a St. Louis, da Kenneth Bressett, suka tattara wannan bincike a littafi mai suna The Fantastic 1804 Dollar. Hujjarsu a kan hatimi ba ta da makusa. Sai dai hatimi yana faɗar zamanin da aka yi abu, ba ya faɗar dalili. Akwai tsohon zance da ke yawo cewa an buga dalolin ne don a kai wa wasu sarakunan Gabas kyauta. Tunda babu wanda ya taɓa ganin irin wannan kyauta da dalar a ciki, sai suka ware babi guda suka yi watsi da zancen.

A watan Agusta na 1962, littafin yana hannun maɗaba'a, aka yi babban taron masu tara kuɗi a birnin Detroit. Wani dillali daga Landan, David Spink, ya fito da wani ƙaramin akwati mai rufin fata ruwan ɗorawa. A ciki kuɗin Amurka ne a jere, kowane a gurbinsa, yawancinsu masu 1834, ga kuma dalar 1804 tana zaune a tsakaninsu. Akwatin Sarkin Siyam ne. Bressett ya garzaya ya buga waya a tsayar da injin. Aka sake rubuta babin, littafin ya fito a wannan shekarar da gyaransa. A ganina wannan tsayar da inji ya fi kowane shafi na littafin ƙara musu daraja.

Ga yadda abin ya faru. A 1833 wani wakilin Amurka, Edmund Roberts, ya ƙulla yarjejeniyar ciniki da Siyam, wato Tailan ta yau, da kuma Sayyid Sa'id, Sarkin Maskat, wanda mulkinsa ya kai har Zanzibar. Da za a koma da takardun da aka tabbatar, sai aka ga bai dace a je gaban sarki hannu rabbana ba. Ranar 11 ga Nuwamba 1834 sakataren harkokin waje John Forsyth ya rubuta wa shugaban gidan buga kuɗi, Samuel Moore, cewa a haɗa cikakken jerin kuɗin ƙasar a akwati mai kyau. Ma'aikata suka duba, dala da kuɗin zinariya mai dala goma an daɗe ba a buga su. Suka buɗe littafin lissafi, suka ga 1804 ce shekarar ƙarshe, suka sa a yi hatimi mai 1804. Ba su san cewa suna ƙirƙiro dalar da ba a taɓa yi ba. Shi kuɗin zinariyar akwai na ainihi mai 1804, kuma a nan ma hatimi ya raba gardama: a na ainihin, alƙalamin 4 yana da ɗan tsinke a ƙarshen hannunsa, a na 1834 babu.

Roberts ya tashi a jirgin ruwan yaƙi mai suna Peacock. Ya miƙa akwatin Maskat a Oktoba 1835, na Siyam a Afrilu 1836. Akwai wasu biyu da aka shirya wa Kocin Sin, wadda ke cikin Biyetnam ta yau, da kuma Japan, amma ciwon ciki ya kama shi, ya mutu a Makau a watan Yuni, ba su isa ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da kuskure ne kawai na masu kyakkyawar niyya. Amma da farashin dalar ya hau, sai kwaɗayi ya shigo ta ƙofar baya. Wajen 1858 wasu ma'aikatan gidan suka ɗauko tsohon hatimin fuska suka buga wasu a ɓoye don sayarwa. Sun haɗa shi da wani hatimin baya dabam, kuma nan asirinsu ya tonu. A bayan dalar akwai mikiya, da jerin gizagizai a samanta, da rubutu a saman gizagizan. A bugun 1834, harafin E na kalmar STATES yana bisa gajimare ɗaya. A bugun ɓoye ya faɗa daidai mahaɗar gajimare biyu. Tazarar ba ta kai ƙwayar gero ba. Ɗaya daga cikinsu ma, wadda ke ajiye a gidan tarihi na Smithsonian, ba a kan sabon faifai aka buga ta ba. An ɗora ta ne a kan wani kuɗin azurfa na Suwizalan da aka yi don gasar harbi ta birnin Bern a 1857, kuma burbushin zanen farko yana nan ana gani. Dala mai 1804 a kan kuɗin 1857, wane bayani ya rage? Sauran na ɓoyen sun riƙa fitowa kasuwa a shekarun 1870, da yawansu ta hannun Haseltine, mutumin nan da ya koya wa jama'a duba hatimi. Har wani shugaban gidan buga kuɗin, Henry Linderman, an sami guda a cikin kayansa.

Shekaru da dama lissafin da aka sani shi ne guda 15: takwas na bugun farko, ɗaya ta Smithsonian, shida na bugun ɓoye da aka yi wa rubutun gefe. Tona asirin bai rage musu kuɗi ba ko kaɗan. Ta Sarkin Maskat, wadda ta ɓulla a gwanjo a Landan a 1917, an sayar da ita dala miliyan 4.14 a 1999, aka sake sayar da ita dala miliyan 7.68 a 2021. Azurfar da ke jikinta ba ta kai giram 27 ba.

Jabu kuwa ba sa ƙirguwa. Tun ƙarni na 19 ake ɗaukar dalar 1801 ta gaskiya a kankare alƙalamin ƙarshe a maƙala 4, amma taurari da haruffa suna nan inda maƙerin 1801 ya buga su, mai duba hatimi zai gane cikin minti kaɗan. Sojojin Amurka da suka je yaƙin Biyetnam sun koma gida da na bogi da suka saya a kasuwannin Asiya, yau kuma intanet cike take da irinsu. Idan wani ya nuna maka dalar 1804 ya ce gadon kakansa ce, yana neman mai saye cikin gaggawa, ka riƙe kuɗinka.