Yadda ake saita manhajar karanta zaurukan Usenet ba tare da an taɓa manhajar imel ba

Tun daga ranar 22 ga Fabrairu, 2024, kamfanin Google ya daina karɓa da nuna sababbin saƙonnin Usenet a dandalinsa na Google Groups. Tsofaffin saƙonnin suna nan, ana iya bincikarsu, amma duk mai son karanta abin da aka rubuta jiya, ko ya sa baki a wata muhawara, dole ya koma hanyar da aka bi tun asali: ya ɗora manhajar karatu a kan kwamfutarsa, sannan ya haɗa ta da uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke ajiye saƙonnin tana rarraba su.

Aikin bai fi na 'yan mintoci ba. Inda ake samun matsala shi ne a kwamfutar da take da manhajar imel tun da farko, kamar Outlook da ake amfani da ita a ofisoshi da dama. Sabuwar manhajar, da zarar an buɗe ta, takan yi tambaya guda ɗaya, kuma wanda ya amsa ta cikin gaggawa yana iya wayar gari ya tarar baƙuwar ta karɓe aikin aika wasiƙun ofis daga hannun mai gida.

Usenet dai ya girmi shafukan yanar gizo. Ɗalibai biyu na Jami'ar Duke da ke Amurka, Tom Truscott da Jim Ellis, su ne suka fito da tsarin a 1979, ya kuma fara aiki a 1980. Tari ne na zaurukan tattaunawa, kowane zaure da batunsa, kuma babu wani kamfani guda da ya mallake su. Idan mutum ya aika saƙo zuwa uwar garke ɗaya, ita ce za ta miƙa wa maƙwabtanta, su ma su miƙa gaba, har ya zaga duniya. Sunayen zaurukan suna tafiya ne daga babban batu zuwa ƙarami: waɗanda suka fara da comp na harkar kwamfuta ne, sci na kimiyya, soc na zamantakewa da al'adu. A zauren alt.hypertext ne Tim Berners-Lee ya bayyana wa jama'a tsarin yanar gizo a watan Agustan 1991, kuma a cikin wannan watan Linus Torvalds ya sanar a zauren comp.os.minix cewa ya fara aikin da daga baya ya zama Linux. 'Yan Najeriya mazauna ƙasashen waje su ma sun yi ta tafka muhawara kan siyasar gida a zauren soc.culture.nigeria a shekarun 1990.

A yau jama'a sun watse daga yawancin zaurukan, wasu kuma tallace-tallacen banza sun cika su. Duk da haka akwai waɗanda suke raye, musamman na harsunan rubuta manhajoji da tsofaffin na'urori. Ban da haka, hanyar sadarwar da Usenet ke amfani da ita, wadda ake kira NNTP, an ci gaba da aron ta a wasu wurare: ta nan hidimar Gmane ke ba mutane damar bin tattaunawar dubban ayyukan manhajojin kyauta, haka ma rumbun saƙonnin masu gina Linux. Malamin jami'a ko ɗalibin kimiyyar kwamfuta da ke bin irin waɗannan tattaunawa yana da riba ta fili, domin saƙonnin ba sa cika masa akwatin imel, kuma kanunsu kawai manhajar ke fara saukowa da su, sai wanda ya latsa ne take ɗauko cikinsa. Ga mai sayen data da kuɗin aljihunsa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Muƙamai biyu, ba ɗaya ba

Abin da ya kamata a fara fahimta shi ne kwamfuta tana riƙe da jerin ayyuka, kuma a gaban kowane aiki akwai sunan manhajar da aka naɗa masa. Idan mutum ya latsa adireshin imel a wani shafi, abin da ke ɓoye a bayansa yana farawa ne da kalmar mailto, sai kwamfutar ta duba jerinta ta buɗe manhajar da ke riƙe da wannan aikin. Adireshin zaure kuwa yana farawa da news, ko nntp, ko snews idan ta hanyar da aka tsare ce. Waɗannan layuka ne dabam-dabam a cikin jerin. Saboda haka babu abin da ya hana Outlook ta riƙe wasiƙu, wata manhajar kuma ta riƙe zauruka.

Ruɗanin ya samo asali ne daga tarihin manhajojin Microsoft. Outlook, wadda ke zuwa cikin kunshin Office, ba ta taɓa iya karanta zauruka da kanta ba. Wadda ta iya ita ce Outlook Express, manhaja ce dabam duk da kamannin suna, kuma ita ke zuwa tare da Windows har zuwa zamanin XP. A wancan lokacin akwai wani umarni a cikin Outlook mai suna News, wanda idan aka latsa shi sai ya kira Outlook Express ta fito a matsayin mai karanta zauruka kawai. Amma idan mutum ya buɗe Outlook Express kai tsaye, takan nemi a naɗa ta mai kula da imel, kuma mutane da yawa sun amsa da eh ba tare da sun karanta ba. Windows Mail ta gaje ta a Windows Vista, sannan Windows Live Mail, wadda kamfanin ya daina tallafa wa a watan Janairun 2017. Shi kansa Microsoft ya rufe zaurukansa na taimakon masu amfani a 2010. Windows 10 da 11 ba sa zuwa da manhajar karanta zauruka ko ɗaya, don haka sai an nemo daga waje.

Mafi sauƙin samu ita ce Thunderbird ta gidauniyar Mozilla, kyauta ce, kuma tana aiki a Windows da Linux da Mac. Akwai wasu, kamar Forté Agent a Windows da Pan a Linux, waɗanda aikinsu na farko karanta zauruka ne. Thunderbird kuwa cikakkiyar manhajar imel ce da ta iya zauruka a gefe, kuma wannan baiwar ita ce ke jawo haɗarin da aka ambata.

Kafin a ɗora komai sai an nemi uwar garke. A da kamfanonin da ke sayar da intanet sukan bai wa abokan cinikinsu kyauta, amma yanzu da wuya a samu mai yin haka. Eternal September tana cikin waɗanda ke ba da zaurukan rubutu zalla ba tare da biyan kuɗi ba; ana yin rajista a shafinta, a samu sunan shiga da kalmar sirri, adireshinta kuma shi ne news.eternal-september.org. Na Gmane shi ne news.gmane.io.

Tambayar da ake kuskurewa

Idan aka buɗe Thunderbird karo na farko za ta nemi a shigar da adireshin imel da kalmar sirrinsa. Wanda yake son Outlook ta ci gaba da aikinta sai ya soke wannan matakin, domin ba a buƙatarsa. Daga nan, ko a lokacin ko a buɗewa ta gaba, wani ƙaramin akwati mai taken System Integration zai bayyana, ɗauke da gurabe na sa alama: na imel, na zauruka wanda aka rubuta masa Newsgroups, da wasu. A cire alamar da ke kan imel, a bar ta a kan Newsgroups kaɗai, sannan a tabbatar. Yana da kyau kuma a cire alamar da ke sa manhajar maimaita wannan tambaya duk lokacin da aka buɗe ta, don wata rana hannu zai iya riga ido. Wanda akwatin ya wuce shi zai same shi a cikin saitunan Thunderbird, a ɓangaren General.

Sababbin Windows ba sa barin manhaja ta naɗa kanta cikin sauƙi kamar da, don haka sau da yawa sai mutum ya tabbatar da zaɓin da hannunsa. Ana shiga Settings, sai Apps, sai Default apps. A Windows 11 akwai gurbin bincike a saman shafin: a rubuta NEWS a zaɓi Thunderbird, a maimaita wa NNTP da SNEWS. A Windows 10 jerin yana ƙarƙashin Choose default apps by protocol. Kafin a fita, a duba layin MAILTO a ga cewa sunan Outlook ne a gabansa. Idan an riga an yi kuskure, nan ne ake gyarawa, kuma babu wasiƙar da ta ɓata. Hanyar da ake bi wajen buɗe sabon saƙo ce kawai ta karkace. Masu tsohuwar kwamfuta mai Windows XP za su tarar da zaɓin a Internet Options, a shafin Programs, inda imel da zauruka kowanne ke da gurbinsa.

Sauran aikin a cikin Thunderbird yake. A saitunan asusu ana zaɓar ƙara asusun zauruka, a rubuta suna, da adireshin imel, da adireshin uwar garke. Bayan an ƙirƙiri asusun sai a koma saitunansa a duba lambar ƙofar da ake shiga ta ita. Ta gargajiya ita ce 119, wadda kalmar sirri ke wucewa ta cikinta a buɗe. Wadda aka tsare ita ce 563, kuma ana samun ta ne idan aka zaɓi SSL/TLS. Duk inda uwar garken ta yarda da ta biyun, ita ta fi dacewa. Idan ana shiga da rajista, a sa alama a gurbin da ke sa manhajar neman sunan shiga a kowace haɗuwa, in ba haka ba wasu zaurukan ba za su bayyana ba. Wasu ofisoshi suna toshe waɗannan ƙofofi biyu, kuma a irin wannan hali mai kula da na'urorin ma'aikatar ne kaɗai zai iya buɗewa. Ya kamata ma a nemi izininsa tun kafin a ɗora manhajar a kwamfutar gwamnati ko ta kamfani.

Da haɗuwa ta yiwu, umarnin Subscribe zai kawo jerin zauruka, wanda kan kai dubbai, a zaɓi waɗanda ake so. Thunderbird takan tsaya ta yi tambaya idan kanun saƙonnin zaure suka wuce 500, kuma ana iya rage wannan adadin.

Suna, adireshi da maɓallan amsa

Gurbin adireshin imel da aka cika a sama ya cancanci a dakata a kansa. Duk abin da aka rubuta a wurin zai fito a kan kowane saƙon da mutum ya aika, kowa zai gani, har da manhajojin da ke yawo suna tsintar adiresoshi don aika tallan banza da saƙonnin damfara. Wannan tsohuwar cuta ce a Usenet: tun a watan Afrilun 1994 wasu lauyoyi biyu a Amurka, Laurence Canter da Martha Siegel, suka watsa tallan cacar takardar zama a ƙasar zuwa dubban zauruka a lokaci guda. Saka adireshin ofis a wannan gurbi ganganci ne, ga shi kuma yana jingina ra'ayin mutum ga ma'aikatarsa. Gara a buɗe wani adireshi na dabam don wannan aiki. Wanda ba ya son a tuntuɓe shi sam yana iya ƙare adireshin da .invalid, kalmar da aka keɓe don irin wannan, maimakon ya ƙirƙiri adireshin da wataƙila na wani bawan Allah ne.

Sai maɓallan amsa, waɗanda suke guda biyu. Followup yana aika amsa zuwa zaure, duniya ta karanta. Reply yana aika ta ga marubucin shi kaɗai ta imel. Wanda ya saba da Outlook yakan ɗauka duk abin da ya rubuta tsakaninsa ne da mutum ɗaya, har ya sa lambar wayarsa ko ya faɗi maganar da ba zai faɗa a bainar jama'a ba. A Usenet kuwa magana zarar bunu ce. Akwai umarnin soke saƙo, amma yawancin uwayen garke ba sa kula shi, kuma saƙonnin da aka rubuta tun shekarun 1980 har yanzu ana karanta su a rumbun da Google ya gina bayan ya sayi na kamfanin Deja a 2001. A duba layin da ke nuna inda saƙo ya dosa kafin a aika, musamman idan sunayen zauruka da yawa ne a jere.

Akwai wani abin da kan ba sababbi mamaki. Amsar da aka yi da Reply ba ta bi ta Outlook, ko da ita ce ke riƙe da imel a kwamfutar. Thunderbird za ta yi ƙoƙarin aikawa da kanta, kuma tun da ba a saita mata hanyar fitar da imel ba, saƙon zai ƙi tafiya. Mafita biyu ce: ko a kwafi adireshin marubucin a rubuta masa daga Outlook, ko a saita wa Thunderbird hanyar fita ta wancan adireshin na dabam. Ta biyun ba ta sauya naɗin da aka yi a Windows ba.

Gwaji na ƙarshe ba ya ɗaukar lokaci. A aika gajeren saƙo zuwa misc.test ko alt.test, zaurukan da aka tanada don gwaji kawai, a ga ko ya fito da sunan da adireshin da ake so. Sannan a buɗe kowane shafi mai adireshin imel a latsa shi. Idan tagar rubuta wasiƙa ta Outlook ce ta buɗe, saitin ya zauna. Idan ta Thunderbird ce, sai a koma layin MAILTO.