Kwanon Shinkafa da Naman Sa: Abincin Japanawa a Teburin Abuja

Duk wanda ya bi titin Aminu Kano ko na Adetokunbo Ademola a Wuse II bayan sallar isha'i ya san Abuja gari ne na masu cin abinci a waje. Ga hayaƙin mai tsire a bakin titi, ga gidajen abincin Labanawa da Indiyawa da Sinawa. Yanzu kuma matasanmu sun fara leƙa girkin Japanawa. Da yawa suna jin an ambaci ɗanyen kifi sai su ja da baya, alhali akwai wani abincinsu da bai kamata ya zama baƙo ga Bahaushe ba. Sunansa gyudon: gyu na nufin sa, don kuwa taƙaitaccen sunan kwano mai zurfi ne. Shinkafa ce da nama a kwano guda.

Shinkafar gajeriya ce mai danƙo, irin wadda uwargida za ta zaɓa idan tuwo za ta tuƙa, kuma ba a sa mata mai ko gishiri. Naman kuwa yanyana shi ake yi falle-falle, kamar yadda masu kilishi na Area 1 a Garki suke yi, har ma ya fi nasu siranta. Sai a dafa shi da albasa cikin romon busasshen kifi da ganyen teku, a zuba sukari da wani baƙin ruwan ɗanɗano da ake samu daga waken suya bayan an ruɓar da shi. Wanda ya tashi da daddawa a miyar gidansu zai gane dangin wannan ƙamshi tun daga shaƙar farko. Idan ya dahu a kwarara shi bisa shinkafa, romon ya ratsa har gindin kwano, a ɗora jar citta mai tsami a gefe. Wasu kan fasa ɗanyen ƙwai a kai.

Abin mamaki, Japanawa sun daɗe ba sa cin naman sa. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya yi dokar hana cin naman shanu da dawakai da kaji da wasu dabbobi, bisa koyarwar addinin Buda, kuma ƙyamar ta zauna a zukata kusan shekara 1,200. Sai a 1872 Sarki Meiji ya ci naman sa, aka baza labari, talakawa suka bi sahu. A 1899 aka buɗe shagon Yoshinoya a kasuwar kifi ta Nihonbashi a Tokiyo, domin 'yan dako da masu sayar da kifi waɗanda ba su da lokacin zama. Tun daga nan gyudon ya zama abincin ma'aikaci: ga daɗi, ga araha, ga sauri. Shaƙuwar Japanawa da shi ta fito fili a watan Fabrairun 2004, lokacin da rassan shagon suka daina sayar da shi saboda an hana shigo da nama daga Amurka bayan ɓullar cutar haukan shanu. Mutane suka yi dogon layi don cin kwanon ƙarshe, bai kuma dawo ba sai a 2006.

Ladubban cinsa su suka fi jan hankalina. Kafin Bajapane ya kai loma baki yakan haɗa tafukan hannu ya ce itadakimasu, wato na karɓa da godiya, yana tuna manomi da mai girki da dabbar da aka yanka. Yakan ɗaga kwanon da hannu ɗaya zuwa kusa da baki, ya ci da tsinke biyu. Ba a soka tsinken a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci a wurin makoki. Ba a barin ƙwayar shinkafa ko ɗaya. Tun yaro na ƙarami ake koya masa wannan, kamar yadda iyayenmu ke cewa a suɗe kwano don ba a san lomar da albarka take ciki ba. In ya gama ya ce gochisosama, ya biya kuɗin da aka rubuta, ba a ƙara wa ma'aikaci ko sisi a matsayin tukuici.

Inda muka sha bamban shi ne zaman cin. A can mutum kan zauna shi kaɗai a gaban kanta, ya cinye cikin 'yan mintoci ya tashi, ba wanda zai ce masa marowaci. Mu kuwa ko baƙo ne ya zauna kusa da kai sai ka ce masa bismillah. Sannan abin da yake cimar ɗan dako a Tokiyo, a Abuja ya koma na masu hali, domin kayan haɗin daga waje ake shigo da su, da dala.

Akwai abin da ya wajaba Musulmi ya sani. A girkin asali ana zuba mirin da sake, dukansu kuwa giyar shinkafa ce. A ƙasashe irin su Indonesiya ana dafa shi ba tare da su ba, ya kuma yi daɗinsa. Don haka kafin ka ce a kawo maka, tambayi mai girki abin da ya zuba a romon da kuma inda ya sayo naman. Tambaya ba ta zubar da girma. Idan zuciyarka ba ta natsu ba, je Kasuwar Wuse, ka sa mahauci ya yanyana maka tsoka mai ɗan kitse, ka haɗa da albasa da citta da shinkafar tuwo, a dafa a gida, ka kira maƙwabcinka ku ci tare.