Tikitin mota a waya: darasi daga bankunan Gana

Kafin 2018, mai asusun MTN a Bawku ba ya iya tura kuɗi kai tsaye zuwa wayar ɗan'uwansa na Vodafone. Sai ya karɓi wata lamba ya tura masa, wancan ya je rumfar mai MoMo, wato kuɗin waya, ya cire. A watan Mayun shekarar, GhIPSS, kamfanin Babban Bankin Gana, ya haɗa layukan wuri guda. Kowane kamfani ya riƙe kwastomominsa, amma hanyar kuɗin ta zama ta kowa.

Wannan tsarin sufuri ke buƙata. A tashar Bawku, mai zuwa Bolga ko Kumasi har yanzu a hannun ƙungiyar direbobi ta GPRTU yake: littafin layi, tikitin takarda, kwandasta yana ƙwala kira. Kamfanoni sun fara sayar da tikiti ta waya, amma kowa da kiɗansa, wani bai san na wani ba.

Hukumar sadarwa ta NCA ma ta yi irin aikin GhIPSS a 2011, da ta ba mutum damar canza kamfani ba tare da rasa lambarsa ba. Don a yi haka a sufuri, ya kamata Ma'aikatar Sufuri ta zauna da GPRTU tun da wuri, domin a tasha, in direbobi ba su yarda ba, mota ba ta tashi.