Takardar Shaidar Gyaran Na'urar Sanyi a Amurka: Albashi Nawa, Bashi Nawa?

A birnin Phoenix na jihar Arizona, inda zafin watan Yuli kan haura digiri 43, lalacewar na'urar sanyaya ɗaki kan kai tsoho ga gadon asibiti. A Minnesota kuwa, idan hunturu ya kankama, na'urar ɗumama gida ce ke tsakanin iyali da daskarewa. Shi ya sa makanikin waɗannan na'urori ba ya rasa aiki a Amurka, kuma makarantun koyon sana'a ke ta kiran matasa su zo su sami takardar shaida cikin wata shida zuwa shekara biyu. Sana'ar tana da kyau. Abin dubawa shi ne ta wace ƙofa mutum zai shige ta, da kuma nawa zai ciwo bashi kafin ya riƙe sifana.

Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 tsaka-tsakin abin da mai wannan sana'a ke samu a shekara dala 57,300 ne. Irin wannan adadi ne masu talla ke son ɗagawa sama. Amma ya haɗa da waɗanda suka yi shekara ashirin suna hawa rufin gidaje. A lokacin, kashi goma cikin ɗari na ƙasa ba su kai dala 37,300 ba, kuma sabon shiga ya fi kusa da nan. A shekararsa ta farko mataimaki ne: ɗauko tsani, wanke matatar iska, rarrafe cikin silin da ya ɗau zafi kamar tanda don jan bututu. Da wannan albashin zai fara biyan bashi, domin wata shida bayan kammala karatu ake fara neman kuɗin.

Bari mu yi lissafi. Ɗalibin da ke cin gashin kansa yana iya karɓar rancen gwamnatin tarayya har dala 9,500 a shekarar farko. Kuɗin ruwan da aka ɗora wa rancen zangon 2024 zuwa 2025 kashi 6.53 ne cikin ɗari. Idan za a biya cikin shekara goma, kusan dala 108 ke nan duk wata, jimilla kusan dala 13,000. Mai samun dala 37,000 zai iya ɗaukar wannan, ko da yake zai ji a jikinsa. Matsalar tana farawa ne idan kuɗin makaranta ya zarce wannan iyaka, kamar yadda yake faruwa a makarantu masu zaman kansu da aka kafa don neman riba. Sai ɗalibi ya cike giɓin da rancen banki, wanda sau da yawa ruwansa ya fi yawa, kuma ba shi da sassaucin da gwamnati ke yi wa wanda samunsa ya yi ƙasa. Ga shi kuma dokar ƙasar ta sa da wuya kotu ta yafe bashin karatu ko da mutum ya karye.

Abin da ya fi damuna shi ne takardar da doka ta wajabta ba ta da tsada. Duk wanda zai taɓa iskar gas ɗin sanyaya na'ura sai ya ci jarrabawar Sashe na 608 ta Hukumar Kare Muhalli, kuma jarrabawa ɗaya ce ko daga makaranta mai tsada ka fito ko daga mai araha. Kwalejojin al'umma, waɗanda jihohi da ƙananan hukumomi ke tallafa wa, suna koyar da wannan sana'a da kuɗi kaɗan. Ɗan talaka kuma yana iya samun tallafin Pell, wanda ya kai dala 7,395 a shekara kuma ba a biyan sa. A kwalejoji da dama wannan kaɗai ya isa kuɗin karatu. Akwai kuma hanyar koyo a bakin aiki, ta shekara uku zuwa biyar, wadda ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanoni ke gudanarwa. A nan ana biyan mai koyo tun ranar farko, albashinsa na ƙaruwa yayin da hannunsa ke faɗawa. Wanda ke gudun kuɗin ruwa saboda addini, wannan hanya ta raba shi da gardama. Illarta ita ce gurbi ba ya isa kowa, kuma tana buƙatar haƙuri.

Gwamnati ma ta ga abin da ke faruwa. Bayan rushewar makarantun Corinthian a 2015 da ITT Tech a 2016, waɗanda suka bar dubban ɗalibai da bashi, an ƙara matsa wa makarantun neman riba lamba. Ƙa'idar da Ma'aikatar Ilimi ta fitar a 2023 ta tanadi cewa biyan bashin waɗanda suka kammala kwas kada ya wuce kashi takwas cikin ɗari na samunsu na shekara, ko kashi ashirin na abin da ya rage bayan buƙatun dole, sannan su fi wanda ya tsaya a sakandare samu. Irin waɗannan ƙa'idoji kan canja idan gwamnati ta canja, amma ma'aunin kashi takwas ɗin kowa na iya amfani da shi da biro da takarda.

Duk mai ɗa ko ƙane a can da ke shirin sa hannu a takardar rance, ya sa shi ya buɗe shafin College Scorecard na Ma'aikatar Ilimi, ya duba abin da ɗaliban wannan makarantar ke samu da bashin da suke fita da shi. Ya tambayi makarantar mutum nawa ne suka kammala cikin waɗanda suka fara. Idan aka yi masa kwana-kwana a amsar, ya nufi kwalejin al'umma mafi kusa da shi.