Shin Ko Kun San? Duwatsu da Rafukan da Ke Kewaye da Birnin Zazzau

Shin ko kun san cewa a Faransa da Sifen da Suwizalan akwai wani wasan motsa jiki da iyali guda ke fita yi tare, wato bin kwazazzabon rafi da ƙafa? Ana shiga tsakanin duwatsu, a taka ruwa inda bai kai gwiwa ba, a yi iyo inda ya yi zurfi, a sauka da igiya inda ruwan ke faɗowa daga tudu. Kowa da hular kwano da rigar da ke hana nitsewa, jagora na gaba, wani na baya. Wani Bafaranshe mai binciken koguna, Édouard-Alfred Martel, shi ne ya jagoranci ratsa kwazazzabon kogin Verdon a 1905, kuma har yau masu wannan wasa na ambaton sunansa.

Ko kun san Bazazzagi ba sai ya hau jirgi ba kafin ya ɗanɗana irin wannan? Babu kwazazzabo mai zurfi irin na Turai a Zariya, amma akwai dutse, akwai ruwa. Dutsen Madarkaci yana cikin ganuwa. Dutsen Kufena kuwa yana can wajen Wusasa, kuma mutane sun zauna a gindinsa tun kafin birnin ya kafu a inda yake yanzu. Ni a ganina abin takaici ne yaro ya tashi a Ƙofar Doka ko Ƙofar Gayan, ya haddace sunan Sarauniya Amina a aji, amma bai taɓa tsayawa a kan Kufena da sanyin safiya ya hango rufin gidajen birni da gonakin dawa sun shimfiɗu a ƙasansa ba.

Shin kun san rafin Kubanni, wanda kuke haye gadarsa tsakanin Sabon Gari da Tudun Wada, shi ne aka datse a Samaru a 1973 don Jami'ar Ahmadu Bello ta samu ruwan sha? Daga nan yake gangarawa ya faɗa Galma. Galma kuma, wanda aka yi wa madatsa a 1975, yana kai nasa ruwan Kogin Kaduna, Kaduna ya miƙa wa Neja.

To ga abin da nake so kowane uba da kowace uwa su riƙe. Ko kun san ruwan da ke halaka mutane a kwazazzabo sau da yawa ba a kansu aka yi shi ba? Hadari kan zuba a can sama, nesa da inda kuke, ku kuna cikin rana tarwai, sai kawai rafi ya taso. A watan Agustan 1997 mutum 11 suka rasu a kwazazzabon Antelope na Amurka saboda ruwan da aka yi kilomitoci da dama daga wurin. Ranar 27 ga Yulin 1999 ambaliya ta ci mutum 21 a rafin Saxeten na Suwizalan, 3 daga cikinsu jagorori ne, kuma daga baya kotu ta kama shugabannin kamfanin da ya shirya fitar da laifin sakaci. Alamun ambaliya ba ɓoyayyu ba ne ga wanda aka koya wa: ruwa garau ya koma ja, ganye da kara da ƙiraruwa su fara wucewa ta gefen ƙafarka, sannan a ji wani rugugi daga sama kamar babbar mota na tahowa. Da zarar an ga ɗaya daga ciki, a ɗauki yara a hau tudu, a bar takalma da kwanon abinci inda suke.

Shi ya sa watan Agusta, lokacin marka, ba lokacin kai yara rafi ba ne a ƙasar Zazzau. A jira kaka ta wuce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ruwa ya ja baya, dutse ya bushe.

Kun san ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum? Ruwa ba sa'an kwando ba ne. Dutse mai gansakuka ma ya wuce a yi masa kallon raini. Takalmin roba mai ɗauri ya fi silifa nesa ba kusa ba.

Ko kun san ruwan da ya kwanta lumui yana da nasa sharrin? Tsargiya, mai sa fitsarin jini, daga ƙananan katantanwa na ruwa mara gudu take fitowa, tsutsar ta huda fata ta shiga ba tare da an sha ruwan ba. Yaron da ya yi wanka a kududdufi ko bakin madatsa, aka ga jini a fitsarinsa, a kai shi asibiti, akwai maganinta.

Jagora fa? Masunta da masu noman fadama a bakin Galma sun san kowane gurbi da kowane mashigi. A nemi irinsu ta hannun mai unguwa, a biya su haƙƙinsu, kuma kowane ƙaramin yaro ya kasance da babba guda da ke riƙe da shi.

Wanda ke son ganin ruwa na faɗowa daga sama sosai, akwai Matsirga kusa da Kafanchan, inda yake zubowa daga tsayin kusan mita 30. Akwai kuma Gurara a Jihar Neja, a kan hanyar Suleja zuwa Minna, wanda ke cika ya batse da damina, ya lafa daga Janairu zuwa Maris. A tambayi direbobin tasha lafiyar hanya kafin a sa rana, a tashi da sassafe, a juyo gida kafin la'asar.