Wayar Ɗan Ci-rani a Gonakin Kura

Ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, shi ke ratsa magudanan Kura da Bunkure da Garun Malam, ya sa noma ba ya yankewa rani da damina. Inda aiki ba ya yankewa kuwa, baƙo ba ya yankewa. Cikin masu dashen shinkafa da tsinkar tumatir akwai 'yan ci-rani daga Jamhuriyar Nijar, mutanen Maradi da Damagaram da Tawa. Bakinsu Hausa ne, addininsu ɗaya da na masu masauki, don haka ba a cika ganin su a matsayin tsiraru ba. Sai an zo kan waya, ko salula yadda suke kiran ta, bambancin ke fitowa.

Wanda ya yi lakwal, wato makarantar boko, a Nijar da Faransanci ya koyi karatu. Da ya tsallako iyaka, saƙon banki da na kamfanin waya da lambobin da ake dannawa a tura kuɗi duk Ingilishi suke yi masa. Mutum mai takardar firamare, wani ma har da ta sakandare, sai ya koma yana miƙa wa yaro waya ya karanta masa. Wanda bai shiga aji ba ko kaɗan, kuma su ne da yawa, nasa ya fi tsanani.

Ko Hausar ma ba hannu ɗaya ake rubuta ta ba. Wanda ya saba da ƙa'idar Faransanci yakan sa ou inda ɗan Kano zai sa u, ya sa tch a gurbin c. Sunan da Kano ke rubutawa Yusufu, a katin Nijar Issoufou ne. Muhammadu kuma Mahamadou. A baki suna ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba, harafi take bi, kuma saɓanin harafi biyu ya isa ya tsayar da rajista.

Rajistar kuwa ta zama ƙofa. A watan Disamba na 2020 gwamnatin Najeriya ta wajabta haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ƙasa ta NIN, a Afrilun 2022 aka hana layukan da ba a haɗa ba yin kira. Baƙon da ya zo aikin wata uku ko huɗu ba kasafai yake da wannan lamba ba, sai ya riƙe layin da aka yi rajista da sunan wani. Illar ta fito fili a farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun naira, wanda ya faɗo daidai kakar tumatir. Mai gona ba shi da tsaba sai taransifa, lebura ba shi da asusu. Ladan guminsa kan shiga asusun mai POS ko na wani ɗan gari, a cire kaso kafin ya iso hannunsa, shaidar biyan kuma tana cikin harshen da ba ya ji. Wannan ba adalci ba ne, ko da kuwa babu wanda ya shirya cutar da shi.

Lissafi ma da nasa tarko. A kasuwannin Nijar da dala ake ƙidayar kuɗi, dala ɗaya sefa 5 ce, don haka dala ashirin a baki 100 ce a fuskar waya. Mai aika kuɗi gida sai ya juya naira zuwa sefa, ya sake juya sefa zuwa dala kafin ya gaya wa iyali abin da za su karɓa.

Abin da ya fi ceton jama'a shi ne saƙon murya na WhatsApp, domin ba ya tambayar kowa haruffa. Da shi ake sanar da farashin kwandon tumatir a kasuwar Kwanar Gafan, da shi ake gaida gida. Google ya sa Hausa cikin na'urarsa ta fassara a 2013, Facebook ya bi baya a 2016, amma fassara da murya ba sa cike takardar banki.

Akwai shaidar cewa koyarwa na aiki. Daga 2009 ƙungiyar Catholic Relief Services da masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker ta Jami'ar Tufts a Amurka, sun gudanar da shirin yaƙi da jahilci mai suna ABC a ƙauyukan Doso da Damagaram. An koyar da manya karatu da harshensu, Hausa ko Zabarmanci, a wasu ƙauyukan aka ƙara da darasin sarrafa ƙaramar waya. Waɗanda suka sami darasin wayar sun fi sauran maki a rubutu da lissafi, domin wayar ta ba su dalilin yin rubutu kullum bayan an tashi daga aji.

A watan Maris na 2025 hukumomin Nijar suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. A wannan gefen iyaka kuwa, saƙon da ke shigowa wayar lebura a bakin magudanar Kura har yanzu da Ingilishi yake zuwa.